Tsoron haki ya hana ni fita, ku ba ni shawara

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da aka sallamo ni, ciwon zuciya. Likita ya ce in riƙa tattaki, amma ko masallacin layinmu tsoron zuwa nake. Taku kaɗan sai haki.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji, na san wannan tsoron. Ni huhu ne, sigari ta cinye shi. Shekara guda ina zaune, ashe zaman ke ƙara kashe ƙafa, ƙafa in ta mutu kuma hakin ya ƙaru. Da minti biyar na fara, daga zaure zuwa bakin titi. Yau ina yin ashirin. Abin da ya fi taimaka mini: ka shaƙa ta hanci ka ƙirga biyu, ka tsuke baki kamar mai hura koko, ka fitar a hankali ka ƙirga huɗu.

Anti Nas: Baba, ga ma'auni mai sauƙi. In kana tafiya kana iya magana, ci gaba abinka. In maganar ta gagara, tsaya ka huta. Amma ciwon ƙirji, jiri ko bugun da ya rikice, wannan ba na haƙuri ba ne, asibiti kai tsaye. Ka riƙa hawa sikeli kullum da safe. In ka ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ka sanar da likitanka.

Maman Biyu: Allah ya ƙara sauƙi Baba. A gaya wa Hajiya ta rage gishiri da dunƙule, kanwa ma a ajiye ta. Daddawa da tafarnuwa sun isa miya ta yi daɗi.

Anti Nas: Haka ne Maman Biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, bai cika ƙaramin cokali ba.

Maman Biyu: Mu masu asma kuma hunturu ne matsalarmu. Ranar da hazo ya sauko, a tsakar ɗaki nake zagaye. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi tuni na sallame su, inhela kuwa, wato maganin shaƙa, ba ta barin jakata.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe bayan la'asar zan gwada minti biyar ɗin, babban ɗana zai raka ni.

Kawu Direba: Allah ya ba da iko. Ka sa ya riƙo kujerar roba.