Ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa amma karatu ya gagare shi, ta ina za a fara?

Malamar aji uku, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan yaro ɗan shekara 9. A tambayar baki shi ne kan gaba, amma da an miƙa masa littafi sai ya tsaya cak. Yana rikita b da d, yana tsallake gaɓa, kalmar da ya karanta a layin sama idan ta sake fitowa a ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba. Iyayensa sun ce wasa ne ya yi masa yawa, ni kuwa disileksiya nake zargi, wato larurar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya duk da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Ajin ya haura mutum 60.

Malamin ilimi na musamman, Kawo:
Wa alaikumus salam Malama. A fara cire shakku kan ido da kunne. Nan Kaduna muna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ta Kunne, a kai shi a duba. A kuma duba rajista, don yaron da ya sha fashi a aji ɗaya da biyu zai nuna irin waɗannan alamun alhali koyarwar ce bai samu ba.

Juya b da d kaɗai ba hujja ba ne, yara da yawa na yin haka har wajen shekara 7. Tushen larurar yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Ki gwada shi da baki, ba takarda: "Ce kujera. Cire ku, me ya rage?" "Ce kaza, mai da k ta zama g." Idan nan ma yana tuntuɓe, zarginki ya yi ƙarfi, kodayake ƙwararre ne zai tabbatar.

Aikin shi ne minti 15 zuwa 20 kullum, shi kaɗai ko cikin yara uku zuwa huɗu. Wannan ya fi awa biyu ranar Asabar nesa ba kusa ba, saboda abin da ba a maimaita masa gobe ba ya kan zube. Minti uku na farko bitar katunan haruffan da ya koya jiya. Sai murafun kwalba: ki faɗi kalma, ya tura murfi ɗaya kan kowane sauti. Kifi murfi huɗu. Shanu ma huɗu ne duk da haruffa biyar, tsuntsu biyar duk da haruffa bakwai, a nan zai gane sh da ts sauti ɗaya ne kowanne. Daga nan sabon harafi ɗaya tak: ya gan shi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa a faranti mai yashi yana furtawa. Haɗa ido da kunne da hannu lokaci guda shi ne ginshiƙin tsarin Orton da Gillingham da aka gina a Amurka tun shekarun 1930. A rufe da shifta ta kalma biyar daga haruffan da ya riga ya koya kaɗai.

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Malam ya gama magana kan tsari. Ƙarina shi ne a fara da Hausa, ba Turanci ba. Rubutun boko kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, Turanci kuwa harafin a kaɗai yana da furuci iri-iri, ga shi yaron bai ma mallaki harshen ba. Kada ki bi jerin a, b, c. Ɗauki a, i, u, m, n, k, s, t, cikin ɗan lokaci zai karanta nama, kusa, tuta, sani. Gaɓa tukuna, ma mi mu, sannan kalma, yadda ake yin babbaƙu kafin farfaru a makarantar allo.

Inda namu ya fi wuya shi ne haruffa huɗu masu kama: b, d, ɓ, ɗ. Kuskuren da aka fi yi shi ne koyar da su a mako guda don "a nuna bambanci". Ki ba shi b ita kaɗai har ta zauna, mako biyu ko uku, kafin d. Hannun ma ya bambanta su: b sanda ake fara ja sannan ciki, d ciki ake fara yi sannan sanda. A b leɓɓa na haɗuwa, a d harshe ne ke taɓa bayan haƙora, ki sa ya lura da bakinsa. Masu lanƙwasa sai daga baya, da tagwayen kalmomi: bata da ɓata, kafa da ƙafa. Kuma tunda ba ma nuna tsawon wasali a rubutu, gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya suke a takarda, don haka irin waɗannan a ba shi su cikin jimla.

Shugaban makarantar firamare, Rigasa:
Malama, batun mutum 60 fa shi ne gaskiyar lamarin. Ki dawo da shi layin gaba. Kada a tashe shi karatu gaban aji ba shiri, ki ba shi layi uku tun jiya ya yi bita. Kwafe daga allo na cinye masa darasi gaba ɗaya, domin harafi-harafi yake ɗauka, kafin ya kai rabi an goge. A ba shi a takarda, ko abokin zama ya taimaka. A darasin kimiyya ko zamantakewa a karanta masa tambaya ya amsa da baki, a ƙara masa kamar rubu'in lokacin jarrabawa, kuma kada a rage maki kan kuskuren harafi inda ba rubutu ake gwadawa ba. Bulala da "rubuta sau hamsin" ba sa gyara komai, kuskuren yake ƙara haddacewa.

Ki zauna da iyayen, ki tambaya ko akwai wanda ya sha irin wannan wahala a dangi, don larurar tana bin jini. A sanar da malamin Islamiyya ma. Sau da yawa hadda ta ka tana tafiya lafiya, sai an zo ba, ta, sa masu bambancin ɗigo a ga matsalar.

Malamin ilimi na musamman, Kawo:
Na manta abu ɗaya: idan aka kawo muku tallan tabarau masu launi a matsayin magani, ku riƙe kuɗinku, babu ingantacciyar hujja a kansu. Malama, duk ranar Juma'a ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya ki rubuta. In zango ya ƙare lambar ba ta motsa ba, a nemi ƙwararre ya auna shi.