Neman shawara: na kunna wa abokaina fim ɗin da na fi so, suka yi barci

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani abu da wasu za su ga bai kai a tara jama'a a kansa ba, amma ni ya tsaya mini a rai yau mako uku ke nan.

Ni tela ne a Kano, shekaruna 36, kuma tun lokacin da muke biyan kuɗi mu zauna a kan benci a gidan kallo na unguwa ana saka mana kaset nake bin finafinai. Kusan shekara goma ke nan ina da wani littafi da nake rubuta sunan duk fim ɗin da na gama, da sunan daraktansa, da layi biyu ko uku na ra'ayina. A cikin finafinan faɗa har gobe ban ga na biyun Bruce Lee ba, domin a lokacinsa ana barin kyamara ta nuna mutum tun daga kai har ƙafa, kana ganin inda bugun ya taso da inda ya sauka, saɓanin yawancin finafinan Amurka na yanzu da ake yanka hoto ana girgiza shi har ka rasa wanda ya bugi wani. A finafinan kaboyi ina son Sergio Leone saboda dogon shirun da yake yi kafin a zare bindiga. Christopher Nolan kuwa ina girmama basirarsa, amma sau uku na kalli Inception na 2010, na gane mafarkin da ke cikin mafarki, ban samu mutum ɗaya da na ji tausayinsa ba. Finafinan ban tsoro ba na kallonsu ko kyauta.

Shekara biyar da suka wuce na ci karo da Pather Panchali, fim ɗin Satyajit Ray na 1955, wanda aka yi da harshen Bengali, baƙi da fari, babu rawa, babu bos. Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye. Akwai wurin da yaro da yayarsa suka kutsa cikin dogayen ciyayi masu farin fure, suka ji wata ƙara da ba su saba ji ba, can sai ga jirgin ƙasa ya keto da baƙin hayaƙinsa. Akwai kuma wurin da uban ya dawo daga doguwar tafiya yana ciro tsaraba, har ya miƙo zanen da ya sayo wa 'yarsa, bai san ta rasu ba. Ranar da na ga wannan wurin kasa komawa kan keke na yi.

Shi ne na ce bari in nuna wa 'yan majalisarmu, mu bakwai. Na fito da talabijin ƙofar shago bayan sallar isha'i, na sayi tsire, aka dafa shayi. Ba a yi minti arba'in ba mutum biyu suka yi barci, ɗaya ya tambaye ni wai ina bos ɗin, wani kuma ya ce yaushe za a fara waƙa tunda an ce na Indiya ne. Raina ya ɓaci, na ce musu ba su san fim ba, hayaniya kawai suka sani. Yanzu Farfesa suke kirana, kuma babban aminina a cikinsu ya rage zuwa shagon. Shin in sake gwadawa, kuma da wane fim, ko kuwa in haƙura in ci gaba da kallona ni kaɗai?

Amsar wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka sake gwadawa, amma ka sani ta ƙofar da ba ta buɗe ba ka nemi shiga da su. Mu da muka kalli Sholay a silima muna samari, har yau idan aka ambaci Gabbar Singh sai mun gyara zama, kuma na tabbata abokanka ma sun san shi ko da a fassarar Hausa ce. To, ka koma ka duba shi da idon da kake da shi yanzu. Ramesh Sippy ya fitar da shi a 1975, kowa yana tuna harbe-harbe da barkwanci, amma wurin da ya fi zama a zuciyata shi ne inda matar da mijinta ya mutu, sanye da fararen kaya, take bin fitilun bene tana kashe su ɗaya bayan ɗaya da daddare, Amitabh Bachchan kuma yana zaune a ƙasa yana busa ɗan abin busarsa. Ba su ce wa juna uffan ba, amma duk wanda ke cikin silimar ya san abin da ke tsakaninsu, kuma ban ga wanda ya yi barci ba. Ashe ke nan mutanenmu sun iya kallon shiru, muddin an riga an sa su damu da waɗanda suka yi shirun.

Idan kun gama wannan, ka gaya musu cewa labarin ƙauyen da 'yan fashi suka addaba har aka ɗauko mayaƙa daga waje ya girmi Sholay. Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya yi shi a 1954, inda manoma suka ɗauko samurai bakwai, wato mayaƙan Japan na da, ba da kuɗi ba, da alkawarin abinci kawai, suna ba baƙin shinkafa su kuma suna cin gero. Duk wanda ya taso a gidan manomi zai gane nauyin wannan. Fim ɗin ya haura awa uku, don haka ka raba shi dare biyu, ka kuma gargaɗe su cewa sa'ar farko ta neman mayaƙan ce. Yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo zai biya su haƙurin da suka yi. Shi kansa Leone ɗin da kake yabo, fim ɗinsa na 1964 daga Yojimbo na Kurosawa ya kwaso shi, kuma ina ganin abokanka za su ji daɗin sanin wanda ya ari labari daga wa, tunda irin musun da majalisa ke so ke nan.

Amsar wata malamar makaranta:

Malam, ni shawarata ta ɗan bambanta da ta Baba, ko da yake ban musa abin da ya faɗa ba. Awa uku da rabi na harshen Japan abu ne mai nauyi ga wanda bai saba karanta fassara a ƙasan allo ba. Ka fara da gajere daga ƙasar Iran, kamar Children of Heaven, fim ɗin Majid Majidi na 1997, wanda bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Wani yaro mai suna Ali ne ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wurin mai gyara, a hanyar dawowa ya ɓatar da shi, kuma sun san babansu ba shi da kuɗin sayen wani. Sai suka riƙa karɓa-karɓa da takalminsa guda: ita ta je makarantar safe, ta rugo a guje ta cire masa a lungu, shi kuma ya ruga ta rana. Daga baya aka sa gasar tsere wadda kyautar na uku ta haɗa da takalmi, yaron ya shiga da niyyar ya zo na uku, ba na ɗaya ba. Ba zan faɗi ƙarshen ba.

Na kalle shi da 'ya'yana da surukata, wadda ba ta karanta boko ko kaɗan, kuma a wurin da yaran ke rubuta wa juna magana a littafi don kada iyayensu su ji ne kawai na yi mata bayani. Sauran duk ta gane da ido, har tana yi wa yaron addu'a a lokacin tseren. Wani amfanin finafinan Iran shi ne za ka iya kunna su a gaban manya da yara ba tare da hannunka yana kan rimot ba. Duk da haka, kowane fim za ka nuna wa jama'a ka fara kallonsa kai kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Kafin a fara ka ba su tushen labarin cikin minti biyu, sannan ka yi shiru, domin ina zargin a daren nan kana ta cewa su lura da nan, su lura da can, kuma babu abin da ke kashe kallo kamar wannan.

Amsar wani matashi ɗan kasuwa:

Yaya, ka gafarce ni, amma ni ina ganin ba zaɓin fim ne matsalar ba. Mutanen da suka wuni a tsaye a kasuwa ko a kan babur, ka ba su tsire da shayi da ƙarfe tara na dare, sannan ka kunna musu fim mai tafiyar hawainiya, ai ko wane ne sai ya gyangyaɗa. Kai da kanka ka ce shekara biyar kacal da gano Ray, bayan ka yi fiye da shekara ashirin kana kallon irin abin da suke kallo, amma kana so su yi wannan tafiyar a dare ɗaya.

Sannan ban yarda cewa duk fim mai shiru ya fi mai waƙa ba. A yawancin tsofaffin finafinan Indiya waƙa ce ke faɗin abin da jarumi da jaruma ba za su iya furtawa a gaban iyayensu ba, kuma ina ganin shi ya sa ta karɓu a wurinmu, inda kunya ke hana faɗin abubuwa da yawa, har finafinan Hausa suka ɗauka. Wanda ya tambaye ka yaushe za a fara waƙa ba jahilci ya nuna ba, abin da ya saba ya nema. Na kuma lura a cikin duk jerin da ka kawo babu fim ɗin Hausa ko ɗaya, kuma idan haka littafin naka yake, to abokanka sun daɗe da lura. Ka fara zuwa gidan amininka ka ba shi haƙuri. Bayan haka ku mayar da abin karɓa-karɓa, kowa da makonsa, kuma ranar da wani ya kawo fassarar Indiya mai awa uku ka zauna har ƙarshe ba tare da taɓe baki ba.

Amsar wani ɗan'uwa daga Damagaram:

Malam, ina goyon bayan maganar ba da haƙuri, kuma ina so in ƙara cewa kun tafi Japan da Iran kun tsallake maƙwabta. Ka nemi Mandabi na Ousmane Sembène ɗan Senegal, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof. Wani magidanci ne mai mata biyu, ba shi da aikin yi, ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Paris ya aiko masa da takardar karɓar kuɗi ta jaka ashirin da biyar na sefa. Kafin ya kai gidan waya labari ya zagaye unguwa, mai kanti ya fara ba matansa shinkafa bashi, masu neman taimako sun cika ƙofar gida. A gidan waya aka ce sai da katin shaida, katin kuma sai da takardar haihuwa da hoto, haka ya yi ta yawo daga ofis zuwa ofis da babbar rigarsa ana tatsar ɗan abin da ke aljihunsa. Za su yi dariya har su riƙe ciki, kuma kowa a majalisar zai ce ya san mutumin nan. A nan ba za a tambaye ka ina bos ba, domin kusan duk wanda ya fito da guntun bos a jikinsa.

A wajenmu ma akwai Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa kan wani alhaji da ya ƙara aure ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ku kuma a Najeriya kuna da Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa, ba sai an karanta komai a ƙasan allo ba. Shi ma a hankali yake tafiya, amma kunne ba zai gaji ba.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malama, zarginki gaskiya ne, sau biyu ma na tsayar da fim ɗin don in yi bayani. Ƙanena ɗan kasuwa, maganarka ta yi mini zafi a daren da na karanta ta, amma da na buɗe littafin na ƙirga, finafinan Hausa da ke ciki ba su kai goma ba, alhali na kalli ɗaruruwa ina ɗinki, ban dai ɗauke su abin rubutawa ba.

Jiya na je gidan aminina, ya ce shi ba barcin ne ya dame shi ba, kalmar hayaniya ce. Mun daidaita a kan karɓa-karɓa, kuma mun mayar da lokacin yammacin Lahadi bayan la'asar, a cikin zauren gidansa, tsire sai an tashi. Shi ne zai fara, kuma tun kafin in faɗa masa shawarar Baba ya ce Sholay zai kawo. Makona ne na uku, kuma ina tsakanin yaron mai takalmi da magidancin Senegal, amma zuciyata ta fi karkata ga magidancin, saboda akwai mutum biyu a majalisar da ke da 'yan'uwa a ƙasar waje. Samurai bakwai na ajiye su sai bayan sallah. Idan akwai wanda ya san inda zan samu Shaihu Umar mai hoto da sauti masu kyau, ina roƙo ya sanar da ni kafin zagaye na biyu ya zo kaina.