Zan kai Inna garinsu gefen Ngaski, shata ko motar tasha?

Bakabe:
Salam jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa tafiya da tsofaffi. Innarmu ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, kuma wata uku ke nan ba ta da zance sai na garinsu. Asalinsu wani gungu ne, wato tsibiri, cikin kogin Kwara ƙasa da Yauri, ruwa ya cinye shi lokacin da aka datse Kainji a 1968 tana 'yar budurwa, aka maida su gidajen siminti kan tudu gefen Ngaski. Ƙanwarta ɗaya ta rage can, rabonsu da juna tun ta'aziyyar Baba. So take ta gan ta, sannan a sa ta jirgi a kai ta saitin gungun, don kabarin mahaifinta na ƙarƙashin ruwan nan, ta yi mai addu'a. Tambaya biyu ce. Daga Birnin Kebbi in ɗau shata, ko in saya mata gaba duka a motar tasha zuwa Yauri? Sannan shiga jirgin yanzu da damina ba ta ida ɗaukewa ba, a yi ko in lallashe ta? Hutun kwana 4 aka ba ni wurin aiki, abin da ke hannuna bai kai dubu 150 ba.

Ɗan Jega:
Allah shi yi maka albarka. In kun zo Jega ku tsaya ku sai albasa, can ƙasa tsarabar da anka fi so ke nan, ta hi atamfa daraja.

Uwar Biyu:
Ni dai da ka kai ta Umra ƙanena, ladan ya fi, kuma can akwai keken tura tsofaffi.

Bakabe:
Hajiya dubu 150 na ce fa.

Direban Sharon:
Shekara 11 ina bin hanyar nan, Kalgo, Jega, Maiyama, Koko har Yelwa, wato garin Yauri. Shata zuwa da dawowa da kwanan direba ba wanda zai yi maka ƙasa da dubu 120 tunda aka cire tallafin mai a 2023. Sayi gaba, ka gaya wa direba da tsohuwa kake tun kafin a yi lodi, zai tsaya mata Koko ta miƙe ƙafa ta kama ruwa. Ku fita bayan asuba, kar la'asar ta same ku kan hanya.

Malamar Firamare:
Dubu 120 kuma? Mu da ƙaramar sallah dubu 70 muka biya har ƙofar gida.

Direban Sharon:
Zuwa kaɗai ko da dawowa Malama? Kuma motar waye?

Malamar Firamare:
Ta ƙanen maigidana ce, amma ai mun sa mai.

Direban Sharon:
To wannan ba shata ba ce, zumunci ne.

Na Bakin Kasuwa:
Ni dubu 45 na ji an ce.

Tsohon Ma'aikaci:
Yaro, bari in ba ka nawa labarin sai ka auna. Ni ma haka tsohona ya matsa sai an kai shi garinsu wajen Shanga, shekara 30 da wani abu bai taka ba. Na ci bashi na ɗau shata, na sayi buhun shinkafa, katan ɗin sabulu, turmi 6 na atamfa, goro ƙwarya guda. Duk hanya yana ba ni labarin wata tsamiya a bakin gonar ubansa inda suke ɗaure jaki, har inda ya faɗo ya karye a hannu yana nuna min. Muka isa aka yi murna aka yanka zakara. Washegari ya ce a kai shi gonar. Nan fa kowa ya fara kame-kame, wannan ya ce rana ta yi, wancan ya ce hanya ta ɓaci. Ashe ɗan ƙanensa ya sayar da ita tun tuni, mai sayen ya sare tsamiyar ya yi gawayi. Tsoho ya tsaya bakin kututturen bai ce uffan ba, hularsa kawai ya cire ya mayar. Abin da ya fi ci min rai, da dare aka tara min dattawa wai an ji na zo da shi ne don in tada maganar gado, har wani na ce min ɗan birni mai ido a tsakar ka. Ni da ban ma san girman gonar ba! Kwana 5 muka shirya, kwana 2 muka yi. A mota har Koko bai yi magana ba, sai ya ce da bai zo ba da har yanzu tsamiyar tana nan tsaye a ransa. Wata 7 ya ƙara a duniya, kuma bai sake ambatar garin ba.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Allah Ya jiƙan Baba. Wallahi na yi hawaye.

Ɗan Jega:
Baba ku kai ƙara kotun shari'a mana, gado ba ya ruɓewa. Mu haka munka yi da gidan kakanmu.

Tsohon Ma'aikaci:
In yi shari'a da wanda muka sha fura a ƙwarya ɗaya? Na bar shi da Allah.

Malamar Firamare:
Barin nan shi ke ƙara musu ƙarfin gwiwa Baba. Mu mata ma an fi yi mana, kina gidan miji sai dai ki ji an raba.

Basarke:
Ba wanda ya taɓo maganar jirgin, alhali ita ce mai hatsari. Ni a bakin ruwan nan aka haife ni. Ruwa biyu ke zo mana, farin ruwa na damina mai laka da ƙarfi, sai baƙin ruwa da ke gangarowa daga Mali lokacin sanyi. Ƙarƙashin tafkin Kainji kuma cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968, in ruwa ya yi duhu matuƙi ba ya ganinsu. Kun dai tuna jirgin da ya kife kusa da Warra a watan Mayun 2021, mutum sama da 100 suka tafi, lodi ne ya yi yawa. In dole ne, kar ka sa ta jirgin ranar kasuwa. Ɗauki ƙaramin jirgi ku kaɗai da hantsi kafin iska ta taso, da rigar ruwa a jikinta, kuma ka nemi dattijon matuƙi, yaran yanzu ba su san inda tsofaffin gungu suke ba, ko'ina za su tsaya su ce nan ne.

Na Bakin Kasuwa:
To ai ko'ina aka tsaya addu'a na isa, ko daga ɗaki ma. Ka cika mata baho a tsakar gida ka ce ga Kwara 😂

Uwar Biyu:
Kai dai ba ka da ta ido. Da uwar wani kake wasa?

Direban Sharon:
Ni ban ga abin tsoro ba, kullum mutane na ƙetarawa.

Basarke:
Direba tsaya kan kwalta. Ka taɓa riƙe filafili?

Direban Sharon:
Kai ka taɓa kai tsohuwa mai hawan jini Yauri ba ta yi amai ba? Kowa da fagensa.

'Yar Zuru:
Ku duka ba wanda ya ce ya fara kai ta a auna jinin kafin tafiya, ya riƙe maganinta a aljihunsa ba cikin jaka a but ba. Ni nas ce, amma tunda ba namiji ba ce ba mai ji.

Bakabe:
Na gode ƙwarai, Anti na ji wallahi, gobe zan kai ta awo. Baba labarinka ya sa jikina ya yi sanyi, sai dai mu ba gona gare mu can ba, duk tana cikin ruwa. Har yanzu dai ban gane ba, shatar ko gaban?

Tsohon Ma'aikaci:
Ko ba gona za a samo abin da za a ce ka zo nema. Kuma ka shirya, duk wanda ya gaishe ka sai ka sallame shi.

Ɗan Jega:
Wanga shi na gaskiya! Bara da nit tahi ƙauye dubu 30 na canza sababbi 'yan ɗari biyar-biyar, kahin azahar sun ƙare, wata gwaggo ta bi ni har mota wai ba ta ga nata ba, alhali sau biyu ta amsa.

Malamar Firamare:
Ai gara kai. Ni atamfar da na kai aka juya aka ce roba ce, a gabana. Kuma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa kirana ya ji lafiyar yara, sai filashin, in ka kira kuma buhun taki ne.

Na Bakin Kasuwa:
Nawa ne buhun yanzu a wajenku? Nan an ce ya sauka amma ni ban gani ba.