Shawarwari Kan Zoben Maza Na Jan Yaƙutu Mai Tauraro

A wata tattaunawa kan zaɓen zoben maza na jan yaƙutu mai tauraro, wato dutsen da siffar tauraro ke bayyana a samansa idan an haska shi, waɗanda suka tattauna sun yi ittifaƙi cewa tauraron ne abin dubawa na farko. Ƙananan zaruruwan ma'adinin rutil da ke cikin dutsen ne ke haifar da shi, kuma ba ya bayyana sai an sassaƙa saman dutsen kamar ƙubba. Sun ce a haska shi da tocila guda ɗaya: tauraro na gari yana da hannuwa shida, yana zaune a tsakiya, yana kuma motsawa duk inda aka karkata hasken. Idan layukansa sun yi kyau fiye da kima, kamar an zana su da alƙalami, kuma ƙasan dutsen ya yi sumul, to a yi hattara, domin tun 1947 ake ƙera irinsa a masana'anta.

Yaƙutu na da taurin 9 a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, daimon kaɗai ya fi shi a duwatsun ado na asali da ake haƙowa, shi ya sa yake jure hannun mai aiki. Duk da haka, an fi son ƙarfen zoben ya kewaye bakin dutsen gaba ɗaya domin ya kare shi. Yaƙutun da aka cike tsagoginsa da gilashi kuwa, ko ruwan lemun tsami yana iya ɓata shi.