Yajin aikin marubuta na 2007: me ya hana Letterman shan gaban Leno?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu bibiyar talabijin ɗin Amurka. Ƙungiyar marubutan fina-finai da talabijin, WGA, ta shiga yajin aiki ranar 5 ga Nuwamba 2007, shirye-shiryen hira da barkwanci na dare suka koma maimaita tsofaffin fitowa. Da aka dawo ranar 2 ga Janairu 2008, David Letterman na CBS yana tare da marubutansa, Jay Leno na NBC kuwa ba shi da ko ɗaya, amma alƙaluman kamfanin Nielsen suka ci gaba da nuna Leno ne ya fi yawan masu kallo. Yaya aka yi haka?

Malam Na-Zariya: Wa'alaikumus salam. Dalilin da ya sa Letterman ya samu marubutansa shi ne kamfaninsa, Worldwide Pants, shi ya mallaki shirin, don haka ya ƙulla yarjejeniya ta daban da ƙungiyar a ƙarshen Disamba. Leno ma'aikaci ne kawai, shirin Tonight Show na NBC ne, ba shi da ikon sasantawa da kowa. Sai ya riƙa rubuta jawabinsa na buɗe shiri da kansa, abin da ƙungiyar ta ce ya saɓa wa dokokin yajin aikin, tunda shi ma ɗan ƙungiya ne.

Amma a ganina amsar tambayarka ta girmi yajin aikin. Tun da Johnny Carson, mai gabatar da Tonight Show, ya yi ritaya a 1992 NBC ta ba Leno kujerarsa, Letterman ya koma CBS a 1993, ya riƙe gaba na kusan shekara biyu, sannan Leno ya sha gabansa a 1995 bayan hirarsa da ɗan fim Hugh Grant, kuma ya zauna a gaba shekara da shekaru. Mutumin da ya saba kwanciya da muryar Leno a kunnensa ba zai sauya tasha ba don an ce masa marubuta suna zanga-zanga a bakin ƙofa. Sabo turken wawa, in ji masu magana.

Hajiya Mai Nazari: Malam, ban yarda sabo ne kaɗai ba. Manyan 'yan fim da yawa sun ƙi tsallake masu zanga-zanga su shiga NBC, sai Leno ya karkata ga 'yan siyasa a daidai lokacin zaɓen fitar da gwani. Baƙonsa a daren dawowa Mike Huckabee ne, mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ana gobe ƙuri'ar fitar da gwani ta jihar Iowa. Ga kuma son ganin ƙwaƙwaf, domin jama'a suna so su ga yadda mai shiri zai cika awa guda babu mai rubuta masa. Conan O'Brien, wani mai shirin dare a NBC a lokacin, har juya zoben aurensa ya riƙa yi a kan tebur ana auna tsawon lokacin da zai ɗauka.

Ɗan Maraɗi: A kwatanta da yajin aikin marubuta na 2023. Wancan na 2007 kwana 100 ya yi, aka kuma dawo tun bai ƙare ba. Na 2023 ya kai kwana 148, kuma masu shirye-shiryen dare Colbert da Fallon da Kimmel da Meyers da Oliver ba su dawo ba sai da aka sasanta, sai ma suka haɗu suka yi shirin murya a intanet domin tallafa wa ma'aikatansu. Shirin Gutfeld na Fox News, wanda marubutansa ba sa ƙarƙashin yarjejeniyar WGA, bai tsaya ba. Hajiya, da Leno ya zauna a gida har Fabrairu da yajin ya ƙare, kina ganin masu kallonsa za su jira shi?