Wace karin magana ce ta dace da yarinyar gidan Na'aman?

Rifkatu: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Lahadi mai zuwa ni zan koyar da yara, darasin kuma daga Littafi Mai Tsarki ne, Sarakuna na Biyu sura 5. Ga wanda ya kwana biyu bai karanta ba: Na'aman shugaban sojojin sarkin Suriya ne, jarumi, amma kuturu. Maharan Suriya suka kamo wata ƙaramar yarinya daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matarsa. Ita ce ta ce wa uwar gijiyarta da ma maigida zai je wurin annabin da ke Samariya, da ya warkar da shi. Daga wannan magana aka kai ga annabi Elisha da wanka sau 7 a Kogin Urdun. Ina so yaran su tafi gida da karin magana ɗaya a baki. Na zaɓi "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido", maigidana ya ce sam bai dace ba. Me kuka gani?

Baba Istifanus: 'Yata, maigidanki ya fi ki gaskiya a nan. Ɗan haki gargaɗi ne a kan wanda zai iya cutar da kai. Ana faɗa wa mai ƙarfi ne, cewa ya yi hattara da talakan da yake takawa. Yarinyar nan kuwa idon wa ta tsone? Mutanen da suka raba ta da uwa da uba, su ta nuna wa hanyar magani. Da tsone ido take so, ai shiru kawai za ta yi, ta zuba ido cutar ta cinye shi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ni da ni ne, "raina kama ka ga gayya" zan ba yaran.

Yakubu: Baba, na bi bayanka. Mu da muka tashi a gona mun san gayya. Za ka ga mutum da 'yar riga ɗaya, ka ce wannan wa zai amsa kiransa, ranar noma sai ka tarar gonarsa ta cika maƙil da majiya ƙarfi, ga makaɗi, ga mata da ƙoren kunu. To ku duba abin da jimla ɗaya ta yarinyar nan ta tara. Sarkin Suriya ya rubuta wasiƙa. Aka ɗaura talanti 10 na azurfa, da zinariya shekel 6,000, da riguna 10. Sarkin Isra'ila ya karanta wasiƙar ya yage tufafinsa don tsoro, yana zaton neman faɗa ake yi da shi. Dawakai da karusai suka yi cirko-cirko a ƙofar gidan Elisha. In wannan ba gayya ba ce, mece ce?

Hannatu: Ku yi mini haƙuri, Baba, ina da ja. Na sake karanta surar yanzun nan, ban ga inda aka raina yarinyar ba. Ta yi magana, maganar ta kai kunnen Na'aman, shi kuma ya kai ta fada, sarki ya ce tashi ka tafi. Ba wanda ya ce mata rufe mana baki. Abin da aka raina a labarin nan Urdun ne. Na'aman ya husata don Elisha bai ko fito ba, ɗan aike ya turo masa, ya kuma ce ai Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi duk ruwayen Isra'ila. Saboda haka "raina kama" ta kogin ce. In muka ɗora wa yarinyar, mun sa wa Littafi abin da bai faɗa ba.

Baba Istifanus: Kin karanta da idon basira, Hannatu, Allah ya ƙara sani. Na yarda mutanen gidan sun saurare ta, ko da yake wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ko daga bakin wa aka ce ga magani zai miƙa kunne. Amma raini bai tsaya a gidan Na'aman ba. Shekara nawa muna jin wa'azi a kan surar nan? Na'aman, Elisha, da Gehazi baran Elisha, su ke nan. Ita a ambace ta a farko a wuce. Yarinya ce, baiwa ce, baƙuwa ce, ko sunanta ba a rubuta ba. Kamarta ke nan, mu masu karatu kuma mu ne masu rainin.

Fasto Dauda: Bari in sa baki kaɗan, don akwai abu biyu da ke ƙarfafa maganar Baba.

Na farko, a Ibrananci kalmomin da aka kira ta da su a aya 2, wato ƙaramar yarinya, su ne aka sake ɗaukowa a aya 14, inda aka ce naman jikin Na'aman ya koma kamar na ƙaramin yaro. Jinsi kawai aka sauya. Marubucin da saninsa ya yi haka. Babban soja bai sami lafiya ba sai da ya sauka daga karusa, ya tuɓe kayan sarauta, ya koma kamannin wadda ke yi wa matarsa shara.

Na biyu ya fi taɓa ni. A Luka 4:27, lokacin da Yesu yake magana a majami'ar Nazarat, ya ce kutare da yawa ne a Isra'ila a zamanin Elisha, amma ba wanda aka tsarkake sai Na'aman mutumin Suriya. Ku lura da kyau. Ashe yarinyar nan ba ta taɓa ganin Elisha ya warkar da kuturu ko ɗaya ba. Ba labarin abin da ta gani ta bayar ba, bangaskiya ce tsagwaronta. Kuma abin da ta yi cikin sauƙi, wato so wa baƙo alherin Allah, shi ne ya gagari mutanen Nazarat, har suka ja Yesu zuwa bakin dutse don su jefa shi. Shi ya sa ikilisiya take ɗaukarta a matsayin mai shaida. Ba mumbari, ba muƙami, amma ta dalilinta arne ya buɗe baki ya ce babu Allah a duk duniya sai a Isra'ila.

Barori iri uku ne ma a surar. Ita, da barorin da suka lallashi Na'aman suna kiransa uba, suna cewa da abu mai wuya annabin ya sa shi ai da ya yi, sai Gehazi baran Elisha, wanda ya bi baya da ƙarya ya karɓo talanti 2 na azurfa da riguna 2, kuturtar ta koma kansa. Nasa karin maganar ba ta buƙatar muhawara: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yakubu: Na'aman kuma "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano". Sai dai a ƙofar Elisha kuɗin bai sayi komai ba, annabin ya rantse ba zai karɓi ko ɗaya ba.

Ladi: Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma zuciyata ta ƙi. Ni na yi aikatau. Ina da shekara 11 aka kawo ni birni daga ƙauyenmu, a ƙofar kicin nake shimfiɗa tabarma. Wata rana jaririn gidan ya yi ta gudawa, ina goye da shi na shafa kansa na ji maɗigarsa ta faɗa ciki. Na san wannan alamar, don haka ƙanena ya yi kafin ya rasu. Na ce wa uwar ɗakina a kai shi asibiti yau. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Je ki ƙarasa wanke-wanke." Da tsakar dare aka fita da shi a guje, ya kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa. Ya rayu, mun gode Allah. Har na bar gidan ba a sake ta da zancen ba.

Saboda haka, Anti Rifkatu, roƙona ɗaya ne. Kada yara su fita da tunanin cewa darasin shi ne ɗan aiki ya yi haƙuri ya yi shiru komai aka yi masa. Sato yarinyar nan aka yi. Kuma ku duba aya 17: Na'aman ya roƙi turɓayar ƙasar Isra'ila, kayan alfadari biyu, ya tafi da ita gida don ya yi wa Ubangiji sujada. Turɓayar ƙasar yarinyar ta isa har Suriya. Ita kuwa Littafi bai ce an mai da ita wurin uwarta ba. Duk lokacin da na kai wannan aya sai na ajiye Littafin na ɗan jima.

Baba Istifanus: Sannu, 'yata Ladi. Allah ya saka miki. Uwar ɗakinki ta yi wa karin maganar nan fashi ne. Magabata sun yi ta don abin da shekaru ke koyarwa, kamar halin mutane da ƙarshen al'amari, ba don a toshe bakin yaro ba. A zancen maɗiga ke ce babba a gidan nan, don ke kika taɓa binne ƙane. A zancen annabin Samariya kuma, yarinyar ce babba a duk fadar Suriya.

Hannatu: Har yanzu ina nan a kan cewa "raina kama" ta fi zama daram a kan Urdun. Amma bayan abin da Ladi ta faɗa, ba zan hana a ba yara ita ba, in dai za a gaya musu su waye masu rainin.

Rifkatu: Na gode ƙwarai. Zan ɗauki "raina kama ka ga gayya", in rubuta ta a allo, in bar yaran su nemo da kansu abubuwan da aka raina a surar. A ajina akwai yara mata biyu da ke zaune a gidajen mutane, kullum su ne na ƙarshen zuwa don sai sun gama aiki. Ladi, ko za ki iya zuwa ki ba su labarin jaririn da bakinki?

Ladi: Zan zo, in Ubangiji ya yarda. Ki jinkirta farawa kaɗan har su biyun su iso.