Curin wanka mai ƙamshin kayan marmari: me kuka gani da kuka gwada?

Uwar ɗaki: Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ƙananan sana'a sun yawaita haɗa curin nan da ake jefawa a bahon wanka ya riƙa tafarfasa, wani da siffar lemo, wani kankana ko mangwaro. Duk wadda ta gwada ta faɗa mana abin da ta gani, da yadda ake bambance mai kyau da na banza.

Mai haɗa sabulu: Wa'alaikumus salam Anti. Asalinsa abu biyu ne, bekin soda kashi 2, sitirik asid (hodar tsami irin na lemon tsami) kashi 1. Suna bushe ba sa yi wa juna komai. Ruwa na taɓa su sai iskar kabon dayoksaid ta fito, ita ce tafarfasar. Sauran ƙari ne: sitacin masara don ya rage saurin narkewa, gishirin Efsom, ɗan man kwakwa, kala da turare. Kafin ki saya, ki riƙe shi. Mai kyau tauri gare shi, fuskarsa sumul. In kika ga ƙuraje a jikinsa ko ya kumbura, laima ta riga ta shige shi, ya gama rabin aikinsa a cikin leda, a ruwa kuma sai ya nutse ya yi ɗan tsiii ya kwanta. Wanda yake marmashewa a hannu, ko an ƙaranta abin da ke ɗaure shi, ko ba a danna shi sosai a mazubi ba.

Maman biyu: Abin da ya fi damuna shi ne zoben kala a bangon baho. Na kankana, mai ja da kore, shi ya fi barin sa.

Mai haɗa sabulu: Wannan rashin folisobet 80 ne, 'yar uwa, wani sinadari da ke haɗa mai da ruwa. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya taso sama ya kwashi hodar kalar ya manna ta a bango, har da fata. Folisobet ke sa man ya baje cikin ruwan. Ki tambayi mai haɗawa kai tsaye ko ta sa. Zoben kuma a wanke shi da sabulun wanke-wanke tun bahon yana da ɗumi. A kula da santsi wajen fitowa, musamman yara da tsofaffi.

Ma'aikaciyar jinya: Ni batun ƙamshin nake so a tsaya a kai, domin nan ake ruɗar mutane. Ba a tatsar man ƙamshi daga kankana, mangwaro ko sitiroberi. Duk curin da ke wannan ƙamshin turaren haɗi ne. Ba laifi ba ne, amma kada a ce miki daga ɗan itacen aka samo. Dangin lemo ne ake matse mai daga ɓawonsu, shi ma in ya tsufa ya sha iska yana sa ƙaiƙayi da jan fata. Ki gutsuri kaɗan ki narkar a kofi, ki shafa a cikin gwiwar hannu, ki jira awa 24. Ranar wanka ruwan ya zama mai ɗumi, wajen digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyos, zaman kada ya wuce minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauraye jiki da ruwa mai tsabta. Mai kirci, mai buɗaɗɗen rauni, da wadda ke yawan fama da ƙaiƙayin gaba ko zafin fitsari, gara su haƙura. Don Allah a ɗage curin daga inda hannun yaro zai kai, kama da alewa yake yi ƙwarai.

Yaya Babba: Masu ado da yankakken busasshen lemo a sama suna da kyan gani, amma cikin minti kaɗan yankin ya jiƙe ya yi lagwab, ya nufi magudana. Ki zura curin a tsohuwar safa mai shara-shara ki ɗaure bakin, ƙamshi da kala su fito, tarkacen ya tsaya ciki. In yankin bai bushe ƙaƙas ba, kewayensa yana laushi har ya yi fumfuna. Baƙin ɗigo a wurin ya isa dalilin zubar da shi.

Maman biyu: Yaya, ajiya fa? In an sayi da yawa?

Yaya Babba: Kada ki bar shi a banɗaki, tururi ke cinye shi. Kowane ɗaya a naɗe shi a leda tsam, a sa a mazubi mai murfi, a yi amfani da shi cikin wata 6. A cika bahon tukuna kafin a jefa. Mai nauyin giram 150 zuwa 200 ya ishi baho cike. In jiƙa ƙafa kawai za ki yi a roba, kwata ɗaya ya wadatar. Mai haɗawar da ta san aikinta za ta rubuta ranar haɗi da kayan da ke ciki, ko ta faɗa miki ba tare da kame-kame ba.